Kayan Vimbiso da Ba a Raba Ba

Mucheke, Masvingo
4 ga Agusta

'Yata Tsungai,

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na gane cewa ba mu gama raba kayan 'yata marigayiya Vimbiso ba. Ki yafe mini, na faɗa cikin magana ban gaishe ki ba. Yaya jikinki, yaya aikin otal, yaya sanyin Cape Town da kike cewa yana shiga ƙashi? Ni lafiya, sai gwiwar nan da kika sani. Makon jiya na buɗe keken ɗinki na yi rigunan makaranta shida, amma hannun bai dawo daidai ba tukuna.

Ba ki samu zuwa ranar rabon kaya ba. Tete Egnes, da yake ita ce gwaggon Vimbiso, yayar babanta, ita ta zauna a tabarma ta yayyafa wa kayan ruwan ganye, tana kiran suna tana miƙawa. Wayar Vimbiso ta tafi hannun Rutendo 'yar Tete, shi ya sa nake rubuta takarda ina ba Mabhena direban bas. Kwamfutar kuwa ni aka bar wa, tare da wani littafi mai baƙin bango da take rubuce-rubuce a ciki. Wata uku ban taɓa su ba.

Lahadin nan na ce bari in nemi hotunanta. Garin nema na danna wani ɗan hoton gida. Tsungai, gidanmu ne ya fito. Ƙofar nan shuɗiya, bishiyar gwaiba, har tsagar da ke jikin dakali. Babanta, wanda muka binne shekara shida da suka wuce, yana zaune a baranda da rediyonsa. Ni ma ina ciki, ina taka keken ɗinki, har ta ƙara mini ƙiba. Ita kuma tana kicin tana tuƙa sadza, tuwon masararmu, tana riƙe muciya can sama kamar yadda nake yi mata faɗa kullum. Ga wushiryarta, ga tabon ƙunar da ke haɓarta, ga kitson da na yi mata na ƙarshe.

Ban yi ihu ba. Shekara biyun da ciwon ƙoda ya zaunar da ita na sha ganin tana wannan wasa, ina wucewa ina cewa, "Ke da gidan 'yar tsanarki." Ban taɓa tsayawa na duba ba.

Rigar ce ta tsaya mini a rai. Rigar nan rawaya mai zanen zabi, wadda na ɗinka mata da hannuna, na wanke da hannuna, Tete ta miƙa wa Rutendo a gabana. Tana jikinta. Mun ba da ita, amma tana sanye da ita.

Akwai kuma wani mutum. Dogo ne, baƙar riga har ƙasa, ba a ganin fuskarsa. Yana tsaye a waje daf da ƙofar gida. Ba ya shigowa, ba ya tafiya. Na zauna tun ƙarfe biyu har rana ta sauka daga kan gwaibar gaske, bai motsa ba.

Ke kuka yi wasan nan tare. Ki faɗa mini gaskiya, kada ki lallashe ni. Mamaci zai kwanta lafiya alhali yana sanye da kayan da aka raba? Kuma wane ne a bakin ƙofa?

Maigurunki,
Mai Vimbiso

Cape Town
11 ga Agusta

Maiguru,

Ina gaishe ki da girmamawa, babbar uwata. Ina lafiya, sai mura. Ki riƙa shafa wa gwiwar man da na aiko, kada ki ajiye shi a kabad kina jiran baƙi.

Na karanta takardarki a bayan ɗakin wanki na yi kuka har shugabarmu ta leƙo. Maiguru, wasa ne kawai, ki kwantar da hankalinki. Mutanen ciki suna ci suna barci suna hira da kansu, ko ba a taɓa su ba. Yadda ake sayar da wasan babu irin gashinmu a ciki, babu atamfa, babu sadza, fatar ma ba ta kama da tamu. Vimbiso ce ta zauna ta yi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Ƙyallayen da kike zubarwa a ƙarƙashin keke take ɗaukar hotonsu ta mai da su riguna. Wata guda ta yi a kan tabon haɓarta kaɗai, tana cewa ya fito kamar taswirar Malawi.

Kowane abu da ta yi ɗan fayil ne, kuma duk suna cikin jakunkunan nan masu launin rawaya. Mu muna jera namu iri-iri, gashi daban, tufafi daban. Ita ta ƙi, ta ce mutum-mutum za ta jera. Akwai jakar Baba, akwai ta Amai, wato ke, akwai wadda ta sa wa suna Ni. Wasan daga nan yake ɗauko kowa. In aka cire fayil, abin ya ɓace daga jikin mai shi.

Don Allah abu biyu. Kada ki taɓa jakar Ni, ba riguna kaɗai ke ciki ba. Sannan in kin ga wani abu ya canja, da wasan ya tambaye ki ko a adana, ki ce a'a.

Dogon mutumin ban gane shi ba, sai na yi tunani. Na kira Rutendo na ce ta gaya miki kada a taɓa kayan Vimbiso da ke cikin kwamfuta, ko da takardar nan za ta makara. Disamba ina tafe.

'Yarki,
Tsungai

Mucheke
25 ga Agusta

'Yata Tsungai,

Ina fata kina lafiya. Shirunki ya dame ni. Sau biyu ina zuwa tasha, Mabhena yana cewa, "Mama, da akwai takarda da ta ciji hannuna, babu komai." Ni dai ina nan, ina ci kaɗan.

Ga filashi a cikin ambulan, na naɗe shi a ƙyalle. Rabonki ne. Bari in gaya miki yadda aka yi.

Ranar Asabar da safe sai ga Tete Egnes da jarkar ruwan ganyenta. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Mai Vimbiso, ke uwarta, ashe ɓoye mana kaya kika yi? Rutendo ta ce Tsungai ta bugo, wai akwai kayan yarinya a cikin akwatin nan."

Na ce, "Tete, ban ɓoye ba, ni ma gani na yi." Na kunna mata. Ta daɗe tana kallon ƙanenta a baranda, sannan ta ce, "Ko a can ma ba ya taya kowa aiki." Da ta ga rigar sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Shi ya sa Rutendo duk ranar da ta sa rigar nan sai wuyanta ya yi ƙaiƙayi. Mutum biyu ba sa sa riga ɗaya."

Na ce mu jira ki. Ta ce, "Ni da na raba kayan mamata goma sha ɗaya, akwatin wuta ne zai sa in jira yarinya?"

Na shiga gari na sayo filashi biyar. Kin san Vimbiso ta koya mini zuba hotunan ɗinki a filashi, to wannan na iya. Na buɗe littafinta mai baƙin bango, shafin farko ya nuna inda jakunkunan suke. Na samu wadda aka rubuta wa Ni. Abu arba'in da uku ne a ciki, sunayensu duk lambobi da guntayen haruffa, ban gane ko ɗaya ba. Na ɗauka duk tufafi ne.

Da na zuba na farko, Tete ta leƙo ta ce, "Ya na ga yana nan bai tafi ba?" Na ce haka ake yi, kwafa ake yi, ɗaya ya tafi ɗaya ya zauna. Ta ce, "Wannan ai ba rabo ba ne, haihuwa ce. A kwashe." Gaskiyarta ce, ban musa ba. Ta tsoma yatsa a ruwan ta ɗiga a murfin kwamfutar, tana kiran suna ina kwashewa. Na Rutendo, na Tete kanta, na 'yan'uwanku biyu da ke ƙauye a Zaka, da naki. Har jakar ta zama wayam. Muka yi addu'a, ta sha shayi ta tafi.

Da la'asar na kunna don in ga ko ta huta.

Tsungai, akwai mace a kicin tana tuƙa tukunya. Ba gashi, ba gira. Fatar ta koma fari-fari kamar gunkin da ake rataya wa kaya a shagunan gari. Fuskar sumul, ba tabo, ba wushirya, idanun kamar an ɗiga tawada. Wani ɗan kamfai toka-toka ne kawai a jikinta. Amma muciyar tana can sama. Da wannan na san ita ce.

Babanta ya taso ya rungume ta kamar bai ga komai ba. Ni ta ciki ko ɗaga kai ban yi ba, ina ta taka keke. Na ji haushin mai taka keken nan.

Sai ta ajiye muciya ta fito tsakar gida. Ta juyo, ta dubi inda nake zaune, ni ta waje, ta ɗaga hannu biyu tana kaɗa mini. A saman kanta wani ɗan hoto ya fito, hoton ƙofar gida. Dogon yana nan inda yake.

Na rufe da sauri. Wasan ya tambaye ni ko a adana, na ce e. Kullum Vimbiso tana cewa, "Amai, ki riƙa adanawa, wutar ƙasar nan ba ta sallama."

Tun ranar, in na shiga kicin na gaske sai in ji kamar yanzu wani ya fita. Ban ce na ga komai ba. Amma ga abin da ya fi tsorata ni: jiya ina yanka yadi na nemi fuskarta a raina, sai waccan sumul ɗin ta zo. Na dubi hoton bango, na rufe ido, waccan ta sake zuwa.

Ba zan iya kallonta kullum ba, ba zan kuma iya barinta ita kaɗai ba. Na yanke zan riƙa leƙa ta duk Lahadi bayan coci, in adana in rufe.

Mun yi abin da ya kamata. To me ya sa take kirana?

Maigurunki

Cape Town
7 ga Satumba

Maiguru,

Ina gaisuwa, ina lafiya. KADA KI SAKE ADANAWA. Ki fara karanta wannan layin sau biyu.

Takardata ta farko ba ta same ki ba, na gane. Ni kuma da bakina na aika Tete gidanki. Laifina ne, ba naki ba. Wannan karon ban ba Mabhena ba, wata 'yar cocinmu ce za ta kawo miki har ƙofa. Ga filashina na dawo da shi.

Jakar Ni ba tufafi kaɗai ba ce. Fatarta, idonta, haƙoranta, tabon, duk suna ciki. Kun raba fuskarta gida biyar. Da ba ki adana ba, mayar da su kawai za a yi. Yanzu da aka adana, wasan ya ɗauka haka take. Amma yana riƙe ajiya huɗu na baya, in sabuwa ta shigo mafi tsufa ta faɗi. In kin adana sau biyar tun ranar rabon, wadda ke da fuskarta ta tafi, ni ma ba zan iya dawo da ita ba. Na ƙirga Lahadi da yatsuna, Maiguru.

In da saura, ga yadda za ki yi. Ki tattaro filashin biyar, ki mayar da komai cikin jakar Ni, ki ƙirga arba'in da uku. Ko ɗaya ya ɓace kada ki ci gaba. Sannan a wurin da ake zaɓar gida akwai ɗan hoton agogo, ki danna, ki zaɓi ajiyar da ke can ƙasa. Na san karɓo abin da aka raba abin kunya ne. Ki ce ni na sa ki.

Kaɗa hannun kuwa, haka suke yi in suna so su je wani wuri an tare musu hanya. Hoton da ke kansu shi ne inda suke son zuwa.

Dogon mutumin na tuna shi, kuma da na so in bari sai na zo. A wasan, in kwanan wani ya ƙare, shi ke zuwa ya tafi da shi. Ba ya tsayawa, yana zuwa ya gama ya wuce. A watan Afrilu Vimbiso ta tambaye ni inda ake samun fayil ɗin da ke hana mutuwa a gida. Na tura mata ina tsokanarta, na ce ko Baba take tsoron ya sake mutuwa. Ba ta yi dariya ba. Ki duba ƙarshen littafinta.

'Yarki,
Tsungai

Mucheke
19 ga Oktoba

'Yata Tsungai,

Ina gaishe ki. Yaya murar, ta sake ki? Nan zafi ya shigo, ruwa bai zo ba tukuna. Gwiwa da sauƙi, na buɗe man.

Takardarki ta same ni ranar Lahadi, na dawo coci ko ɗankwali ban cire ba, kwamfutar tana buɗe a kan cinyata. Sau huɗu na adana. Da baiwar Allahn nan ta tsaya sayen tumatir a hanya, da na yi na biyar. Ta farkon ma ta zo daga baya, Mabhena ya tsince ta a ƙarƙashin kujerarsa da tabon shayi. Ya ce, "Mama, ai ta iso." 

Rutendo ta ba ni nata ba gardama, har ta ce Allah ya sa ba ta zuba waƙoƙi a kai ba. Zaka kuwa sai da na hau mota. Na durƙusa a gaban mutanen da na girma ina roƙon abin da aka ba su da addu'a. Ɗaya ta sa nata a cikin Littafi Mai Tsarki, ɗayar ta rataya shi a wuya da zare. Ba su tambaye ni dalili ba, amma na ga yadda suka kalli juna.

Tete na bari ƙarshe. Ta ce, "Abin da aka raba ba ya komawa gida, Mai Vimbiso. Kin fi kowa sani. So kike ki ɗaure yarinya a gindin gwaiba har abada?"

Na ce, "Tete, ke kika wanke ta ranar da ta rasu. Da za ki yarda a rufe ta babu fuska?"

Ta ce, "Wace irin magana ce wannan da rana tsaka?"

Da ma na je da kwamfutar. Na buɗe na ajiye a kan teburinta. Matar nan sumul ta fito tsakar gida, ta juyo ta kaɗa wa Tete hannu biyu. Tete ta zura wa gilashin ido har shayinta ya huce. Sai ta kwance bakin zaninta ta ciro filashin. Ta ce, "Aro na ba ki. In an gama, a sake rabawa." Da zan rufe wasan ya tambaya, na ce a'a.

Na dawo gida na mayar da su ɗaya-ɗaya. Na ƙirga sau uku, arba'in da uku. Na danna agogon na zaɓi ta ƙasa.

Ta dawo, Tsungai. Tabon, wushiryar, kitson, rigar rawaya. Na sa yatsa a gilashin, a kan haɓarta. Yanzu in na rufe ido ita nake gani.

Na ɗauka shi ke nan. Ta gama tuƙa sadza, ta zuba wa babanta, ta kai wa ni ta ciki nata har kan keke. Sannan ta fito tsakar gida, ta juyo gare ni da fuskarta ta gaske, ta ɗaga hannu biyu. Hoton ƙofa ne a kanta. Ashe ba fuskarta take nema ba. Wataƙila tun Lahadin farko take yi, rigar ce ta rufe mini ido.

Sai a lokacin na buɗe ƙarshen littafin, da na yi ta kewaye shi wata guda. Jerin ayyuka ne. Gyara labulen ɗakin Amai. Ƙara wa Baba furfura. Rage girman tabo. Duk ta ja musu layi, ta gama. Daga sama kaɗan ta rubuta cewa ta sa wa ƙaramar Vimbiso irin ciwonta, don kada ta bar ta ita kaɗai da lafiya. Na ƙarshen kuwa, rubutun ya karkace, na san makon da ta yi shi, lokacin cokali ma yana faɗuwa daga hannunta. Ga abin da ta rubuta:

"Ya zo ɗaukarta. Na sa fayil a jakar Jira na tare shi. A cire. Ni ban iya ba, ƙaramar Amai za ta yi kuka."

Wannan kaɗai ba ta ja wa layi ba.

Na gaya wa Tete. Ta ce duk ranar da na shirya in aika, za ta zo ta zauna kusa da ni, ba za ta ce uffan ba, ko da yake ban yarda da wannan alkawarin ba. Ta ce bayan nan sai mu sake raba arba'in da ukun yadda ya kamata, naki yana nan.

Jiya Lahadi na leƙa. Babanta yana jin rediyo, ni ina taka keke, ita tana tsakar gida, shi yana bakin ƙofa. Ba ta gajiya da ɗaga hannu. Na ce mata da baki, "Na gani, 'yata, na gani." Na samo jakar Jira, tana can ƙasa da sauran. Fayil ɗaya ne a ciki.

Ban cire shi ba tukuna.

Maigurunki,
Mai Vimbiso